Yadda ake haɗa tankin kifin betta da kula da lafiyarsa

Betta, ɗan ƙaramin kifin nan na ado, na farko da na ajiye ko wata biyu bai yi ba. Ja ne jawur, wutsiyarsa kamar mayafi, mai sayarwar ya ce min ai wannan kifin ko a kofi ka jefa shi zai rayu, ni kuma na hau na zauna, na sa shi a wata 'yar kwalba mai cin lita 2 na ɗora kan tebur. A sati na uku bakin wutsiyar ya fara baƙi yana zagwanyewa kamar takardar da wuta ta lasa, na yi ta ɗiga masa magani kala-kala, ashe ruwan ne ke cinye shi. To ga yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Da farko, tanki. Dalilin da ya sa ake ta cewa yana iya zama a kofi shi ne yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa wadda ke ba shi damar leƙowa sama ya shaƙi iska kai tsaye, don haka ko ruwa ya lalace ba ya saurin mutuwa, sai dai ya yi ta wahala. Asalinsa Tailan ne da maƙwabtanta, a gonakin shinkafa da fadamu, ruwa ne mara zurfi amma fa mai faɗi da ɗumi. Ka nemi tanki mai cin lita 20 ko sama da haka, mai faɗi ya fi mai tsayi, kuma lallai da murfi don wallahi tsalle yake, sai ka wayi gari ka tsince shi a ƙasa ya bushe. Ka bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin saboda numfashi.

Na biyu, ɗumi da filta, wato matatar ruwa. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 27, in ɗakin yana sanyi da dare sai ka sa hita, ka manna ma'aunin zafi a jikin gilashin, kar ka ce za ka gwada da yatsa. Filta kuma mai sanyin gudu, irin ta soso ta fi, don wannan doguwar wutsiyar nauyi ce a gare shi, in ruwa na tura shi za ka ga ya maƙale a lungu ya ƙi fitowa. Ganyen roba mai kaifi yana yaga wutsiya, ka sa mai laushi ko tsiro mai rai irin su anubias.

Na uku shi ne wanda kowa ke tsallakewa, kuma nan gizo ke saƙa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, ita ke ƙona masa jiki da wurin numfashi. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson filta, su ke mai da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mai da shi naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su ko kaɗan, kafin su yi yawa ana ɗaukar sati 4 zuwa 6. Saboda haka ka cika tanki, ka kunna filta, ka dinga jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa alhali babu kifi a ciki, kana gwadawa da kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa ɗin nan ya fi na takarda. Ran da ka ga amoniya 0, naitirait 0, naitiret ya bayyana amma bai wuce 20 ba, to gida ya haɗu. In ka riga ka sayo kifin, shi kenan, sai ka dage da canza wani ɓangare na ruwan kusan kullum har abin ya daidaita. Ranar sa shi kuma ka bar ledar da aka sayo shi a ciki tana yawo a saman ruwa kamar minti 15 zuwa 20 tukun.

Na huɗu, canjin ruwa. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, kana bin ƙasa inda datti ke taruwa, ka mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki, bayan ka ɗiga maganin kashe kulorin don ruwan famfo na ɗauke da shi. Kar ka juye ruwan gaba ɗaya, kar sabulu ya kusanci tankin, soson filta kuma a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe za ka matse shi, in ka wanke a famfo ka kashe bakteriyar nan da ka yi wata kana jira.

Abinci ba dogon zance. Mai cin ƙwari ne, ƙwaya 2 zuwa 4 na abincin betta sau biyu a rana ya isa, sati-sati ka bar shi kwana ɗaya ba ci. Zai zo gaban gilashi yana rawar jiki kamar bai taɓa cin abinci ba, kar ka biye masa. Kuma maza biyu ba sa zama tanki ɗaya, faɗa za su yi ta yi.

Yanzu cuta. Duk abin da ka gani, kafin ka taɓa kwalbar magani ka gwada ruwa ka duba ɗumi.

In bakin wutsiya ko fiffike ya yi baƙi ko ja yana gajarcewa, ruɓewar wutsiya ce, irin wadda ta ci nawa. In an kama da wuri ruwa mai tsabta kaɗai na warkar da ita, ka dinga canza kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu, za ka iya ƙara gishirin tankin kifi ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, amma kar ya wuce kwana 10. Alamar sauƙi ita ce ka ga wani siririn baki mai haske kamar leda yana tsirowa a ƙarshen wutsiyar. In ruɓewar ta doshi jiki kuwa sai maganin bakteriya.

Fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki a dutse, wannan ƙwayar cuta ce da ake kira ik. Abin da ya kamata ka sani, magani ba ya taɓa ta tana manne a jikinsa, sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa 'ya'yan sun fito yawo a ruwa sannan yake kashe su, shi ya sa in ɗigon ya ɓace ba a dainawa, ana ci gaba da wasu kwanaki yadda takardar maganin ta ce. Ka ɗaga ɗumi a hankali zuwa 28 ko 29 don abin ya yi sauri, ka cire gawayin cikin filta in akwai, don shanye magani yake. Amma in abin da ka gani fari ne kamar auduga a baki ko gadon baya, kar ka ƙara ɗumi sam, wannan bakteriya ce da zafi ke ƙara wa gudu.

Akwai wata kuma mai wuyar gani, sai ka kashe fitila ka haska shi da tocila ka ga kamar ƙurar zinariya a jikinsa, ya tsuke fiffike. Ka rufe tankin ya yi duhu don ƙwayar na amfana da haske, sannan magani. Masu sinadarin jan ƙarfe suna aiki amma suna kashe dodon koɗi da jatan lande in kana da su a ciki.

In yana iyo a karkace, ko ya kasa nutsewa, ko ciki ya kumbura, yawanci cika ciki ne ya danne jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa. Hana shi abinci kwana 2 zuwa 3, ka rage zurfin ruwan don ya iya kaiwa sama ba wahala, sannan ka dawo da ci kaɗan-kaɗan.

Wadda nake tsoro ita ce in ka leƙa shi ta sama ka ga ya kumbura ɓawon jikinsa duk ya miƙe kamar bayan abarba. Ruwa ne ya taru a ciki, galibi ƙoda ta gaza, kuma gaskiya in ya kai nan da wuya ya tashi. Ka ware shi a ruwa mai tsabta da ɗumi, wasu na yi masa wankan gishirin Epsom (wani gishirin magani ne, ba na girki ba) na minti 10 zuwa 15 don kumburin ya sassauta, in da likitan dabbobi da ya san kifi ka kai masa hoto da sakamakon gwajin ruwan.

Af, kumfar nan da namiji ke tarawa a saman ruwa ba cuta ba ce, sheƙa yake yi wa ƙwai, kuma ba shaidar lafiya ba ce don nawa na cikin kwalba ma ya yi ta. In ta watse wajen canjin ruwa ba komai, zai sake wata.