Yadda Ake Ajiye Haɗin Zuma da Mustad, da Yadda Ake Gane Ya Lalace

Zuma ita kaɗai takan shekara a kwalba ba ta yi komai ba, domin ruwan cikinta kusan kashi 18 cikin 100 ne kawai, sukarin ya fi ƙarfin ƙwayoyin cuta. Amma da zarar an tsinka ta da ruwan lemun tsami, ko an zuba mata mayonis don a yi haɗin salak, wannan kariya ta ragu. Saboda haka abin da aka haɗa zumar da shi ne ke yanke yawan kwanakin da haɗin zai yi.

Haɗin da ya fi jimawa shi ne na cokali 3 na mustad (wani kwaɓaɓɓen kayan ɗanɗano mai ɗan yaji), 3 na zuma, 2 na khal (ruwan tsami da ake kira binega), 6 na man zaitun da ɗan gishiri. Wannan zai kai mako 2 a firji. In da mayonis na kanti ko yogot a ciki, kwana 5 zuwa 7. In da ɗanyen ƙwai aka kaɗa mayonis ɗin a gida, kada ya wuce kwana 3.

Ɗanyar tafarnuwa ita ce mai haɗarin da ba a gani. Idan ta nutse cikin mai, inda iska ba ta shiga, ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim na iya tsirowa, kuma gubar ba ta da wari ko ɗanɗano. A cinye irin wannan haɗin cikin kwana 4, ko kuwa a yi amfani da garin tafarnuwa.

A zuba a kwalbar gilashi da aka wanke ta bushe ƙarau, a rufe da kyau, a rubuta ranar haɗawa a murfin. A ajiye can cikin firji inda sanyi ke digiri 4 ko ƙasa, ba a jikin ƙofa ba, don nan ne ya fi ɗumama duk lokacin da aka buɗe. A ɗiba da busasshen cokali. Haɗin da aka tsoma kaza ko dankali a ciki kada a mayar da shi kwalba.

A kan tebur, haɗin mai mayonis kada ya wuce awa 2; in zafi ya haura digiri 32, awa 1 ne. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba kan riƙe sanyi kusan awa 4. Bayan nan a zubar da mai ƙwai ko yogot.

Rabuwar mai da ruwa ba lalacewa ba ce, girgizawa kawai yake so. Haka man zaitun kan daskare a sanyi. Minti 10 a waje ya narke. Alamomin lalacewa su ne fumfuna a sama ko a bakin murfi, kumfa, murfi da ya kumbura ko ya yi tsaki da aka buɗe, warin giya (zumar ce ta fara ruɓa), da warin tsohon mai kamar fenti. In an ga fumfuna, kwashe saman bai wadatar ba, duka za a zubar, kuma ba a ɗanɗana don a tabbatar.

Jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi ko lasa, sabo ne ko tsoho, saboda zumar.