Yadda zaka gano ko an biya kuɗin aikin mazaɓarku

Da farko ka shiga budgetoffice.gov.ng ka sauke kasafin kuɗin tarayya, fayil ɗin nada nauyi dan haka ka tanadi data. Ka rubuta sunan garinku ko ƙaramar hukumarku a wajen bincike, in baka gani ba ka sauya rubutun sunan, wani lokaci sukan rubuta shi a karkace.

Ka kwafi sunan aikin, nawa aka ware, da hukumar da aka ba.

Sai ka wuce opentreasury.gov.ng wanda gwamnati ta buɗe a 2019, ko govspend.ng na BudgIT, ƙungiyar dake bibiyar kasafin kuɗi, da yafi sauƙin dubawa a waya, ka saka sunan hukumar ka ga wane ɗan kwangila aka biya da ranar, nan fa ake kama su wallahi, sai kaga an fitar da miliyoyi na rijiyar burtsatse alhali mata har yanzu rafi suke zuwa ɗibar ruwa.

Kaje wajen aikin da kanka ka ɗau hoto, ka tura wa Tracka, shirin BudgIT na bibiyar ayyukan gwamnati, ko ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci. Sannan ka rubuta wa hukumar da aka ba aikin takarda ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana 7 doka ta basu su amsa, ka ajiye kwafin da suka buga wa hatimi.