Sababbin zuwa Ingila masu yara, mu yi maganar asma da gidan haya

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwanaki wata ƙanwarmu da ba ta fi wata uku da sauka Manchesta ba ta kira ni ƙarfe biyun dare, ɗanta numfashi na neman gagararsa, ita kuma tana ta shafa masa man zafi tana ɗura masa zuma. Wallahi abin da na yi kenan ni ma a sanyinmu na farko, kuma saura kaɗan in rasa 'yata.

Rijistar GP, wato likitan unguwa, ba wuya, kyauta ce, ba a tilasta takardar zama ko shaidar adireshi, ku yi a satin farko kawai. In yaro na da asma ko yana yawan tarin dare ku faɗa wa likita. Maganin yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba a biya. Inhela (abin fesa magani a baki) shuɗiya, salbutamol, ita ke buɗe ƙirji nan take, mai ruwan ƙasa kuma ta kullum ce ko yaro lafiyarsa lau, kar ku ajiye ta don kun ga ya warware.

In asmar ta tashi za ku ji ƙirji na kuka kamar usur, numfashi sama-sama, fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya na lotsawa ciki, yaro ya kasa gama magana ɗaya sai ya tsaya ya ja iska. Takardun asibitocin nan na cewa leɓe zai yi shuɗi, to a fatarmu ba kasafai ake gani ba, ku buɗe bakin ku duba dasashi da cikin leɓe, in ya yi toka-toka abu ya yi nisa. Wanda kukan ƙirjinsa ya ɗauke ya yi laushi yana lumshe ido ba sauƙi ya samu ba, ya fi kowa shiga haɗari.

Ku zaunar da shi a miƙe, kar a kwantar. Shuɗiyar inhela ta cikin sifesa, robar da ake haɗa wa inhela yaro ya shaƙi maganin ta ciki, fesa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har goma. In bai lafa ba ko yana ƙaruwa, ku kira lambar gaggawa 999 kai tsaye, ba sai maigida ya dawo daga aikin dare ba. Minti 10 motar asibiti ba ta iso ba a sake wasu goman. Ku yi addu'a wayar na kunnenku. Sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, tsoron biza ba hujja ba ne.

Ni abin da ya ƙone min rai gidan ne. Mun kama shi da rani, fenti sabo fes, ashe an shafe fumfuna ne. Nuwamba na shiga bangon bayan gadon yarinya ya yi baƙi ƙirin, labule a jiƙe kullum, mu kuma muna tsoron kuɗin gas mun rufe tagogi ruf, muna shanya a ɗaki, ga turaren wuta safe da yamma kamar muna Kano. Na kira mai gidan ya fi sau goma, kullum sai ya ce girkinmu ne ke kawo danshi. Duk a waya, ba ni da shaida ko ɗaya. Sai bayan kwana uku a asibiti wata nas ta ce in ɗauki hotuna, in rubuta masa imel, in karɓi takardar likita, in kai ƙara sashen lafiyar muhalli na kansul, wato ƙaramar hukuma. A lokacin ne ya turo mai gyara.

Nan kusa da mu a Rochdale, Awaab Ishak, ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a Disambar 2020 saboda fumfunar gidansu, su ma an ɗora laifin kan yadda suke zama. Yanzu akwai doka da sunansa kan gidajen kansul da na ƙungiyoyin gidaje.

Jama'armu akwai zumunci, Allah ya saka, mutum zai tashi cikin dare ya kai ki asibiti bai san sunanki ba. Amma don Allah ku daina kama gida don kawai ɗan garinku ya ce yana da kyau. Ku je da kanku, ku ja wadrob ku leƙa bayanta, ku taɓa bangon ƙasan taga, ku shinshina. Ƙanwar nan tamu an sallamo ɗanta, jibi zan raka ta wajen GP, imel ɗin mai gidanta kuma tare muka rubuta jiya.