Shawara ga masu jarrabawar labarin ƙasa

'Yan uwa ɗalibai, lissafin lokaci da layukan longitud (layukan taswira da ke tashi daga arewa zuwa kudu) yana kayar da mutane da yawa, alhali abu ɗaya za ku riƙe. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, minti 4 a kowane digiri. Gabas ke riga ganin rana, don haka in kun nufi gabas ku ƙara lokaci, yamma kuwa ku rage.

Ni da misalin azumi nake koyar da shi. Maiduguri tana wajen longitud digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5 gabas. Tazarar digiri 8 ce, kusan minti 32. Shi ya sa mutanen Borno kan sha ruwa Sakkwatawa na jiran magariba. Ku gwada da garinku a taswira yau.