Tara kuɗi don kare haƙƙin ɗan Adam: inda ƙungiyoyin Maraɗi ke tuntuɓe

Aikin kare haƙƙi bai taɓa yankewa a jihar Maraɗi ba. Ga yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗaura mata aure, ga matar da aka saka aka hana ta ganin ƴaƴanta, ga wanda ya daɗe a gidan kaso ba a kai shi gaban alƙali ba, ga ƴan gudun hijirar da suka kwararo yankin Gidan Rumji tun 2019. Duk da haka ƙungiyoyi na mutuwa tun ba su yi ƙwari ba, kuma in ka bincika, yawanci a wajen kuɗi suka faɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kafa ƙungiya a zauna jiran proje daga waje. A da ma ba dabara ba ce, balle yanzu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta ga gwamnati. A Nuwamban 2024 hukuma ta janye izinin ƙungiyar agaji ta Faransa mai suna Acted, a Fabrairun 2025 ta sallami ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya (CICR), a shekarar kuma Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje. Wanda ya jingina da wannan bango kaɗai ya ga abin da ya gani. Gyaran yana nan gida. A yankin nan ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata su haɗu, kowace ta zuba ɗan abin da ta iya duk mako, a ranta wa mai buƙata, a raba a ƙarshen zango. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Ƙungiyar kare haƙƙi ma ta fara da zubin membobinta. Mutum 40, kowa jika ɗaya a wata, sefa 480,000 ke nan a shekara. Ba za ta sayi mota ba, amma za ta biya kuɗin kabu-kabu zuwa kotu, da buga takardu, da abincin wadda ta zo daga Dakwaro kai ƙara. Mai ba da tallafi daga waje ma ya fi sakin jiki da waɗanda suka fara sa hannu a aljihunsu.

Sai batun takardu, wanda ba ya son dogon bayani. Dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ce tushen tsarin ƙungiyoyi a Nijar. Ku yi rajista, ku karɓi izini, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya kafin ku roƙi ko dala. Kuɗin jama'a ba ya shiga lambar wayar shugaba, ko da waliyyi ne. Hannu biyu a kan kowace fitar kuɗi, rasit a kan kowace shiga, har wadda ta zo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne wajen tallata mutanen da ake son taimaka wa. A ɗauki hoton yarinya tana kuka, a rubuta sunan garinsu, a watsa a WhatsApp da Facebook, wai don tausayi ya kama mutane. Kuɗi kan shigo, gaskiya ne. Amma ita za ta koma gidan da ta fito, cikin dangin da aka kunyata, hoton kuma ba zai goge ba. Masu wannan hali sukan kawo misalin Hadizatu Mani, wadda aka sayar a matsayin baiwa tana da shekara 12, ta kai Nijar ƙara kotun CEDEAO da goyon bayan ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, ta yi nasara ranar 27 ga Oktoban 2008 aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Sun manta cewa ita babbar mace ce lokacin, da kanta ta tsaya gaban alƙalai, ga lauyoyi a bayanta. Yardar wanda yunwa ko tsoro ya dama ba ta kai wannan ba. Ku ba da labarin matsalar, ku sauya duk abin da zai sa a gane mutum, ku bar fuska.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda zancensu ma ba a son ɗagawa a fili: ƴan daudu, da waɗanda ake zargi da neman jinsi, da matan da ke zaman kansu. Duk abin da mutum ke gani game da rayuwarsu, duka da kora da ƙwace ba su halatta a kansu ba, kuma suna buƙatar magani da mafaka da lauya kamar kowa. Sai dai dattawan garin nan ba su manta Nuwamban 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe aka afka wa mashaya da gidajen mata da coci. Jerin sunaye a cikin wayar da za a iya sata ko a bincika haɗari ne. Kada a aika wa mai tallafi sunan kowa; adadi da irin taimakon da aka yi sun isa. Wanda ya ce sai ya ga hotuna kafin ya saki kuɗi, a bar masa kuɗinsa.

A nan ne wasu ke zamewa zuwa wani kuskuren: su karɓi kuɗi da sunan marayu su kashe a wani aikin. Wannan cin amana ne, ranar da ya fito kuma har marayun sun rasa. Ɓoye sunan mutum daban, ɓoye manufar kuɗi daban.

Akwai kuma masu zuwa wurin alhazan kasuwa da kalmomin da suka kwaso daga taron bita a otal, su yi ta zuba Faransanci, Alhaji ya ce "Allah ya taimaka" ya juya ga cinikinsa. Alhali hujjar tana cikin abin da ya sani tun yana allo. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jera mutum takwas da ake bai wa zakka, cikinsu har da ƴanta bayi da waɗanda bashi ya danne. Hadisin Khansa'u bint Khidam yana cikin Bukhari: mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Mai yaƙi da auren dole bai buƙatar aron baki. Amma a kiyaye, zakka tana da masu ita. Ba a biyan hayar ofis da ita bisa ra'ayin shugaba. A tambayi malami, a ware ta daga sadaka a littafin ma'aji.

Kuskure na ƙarshe, shiru bayan karɓa. Hajiya ta ba da jika biyar, ba ta sake jin ɗuriyarku ba sai wata buƙatar ta taso. Duk wata uku ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban membobi, a aika saƙon murya da Hausa ga waɗanda ba sa karatun boko. In gudummawa ta zo da naira daga ƴan uwa na Jibiya ko Katsina, a canza ta da wuri a rubuta farashin ranar. In kuma an tara don shari'ar mutum ɗaya aka sasanta kafin kuɗin ya ƙare, a koma a tambayi masu bayarwa: a mayar musu da ragowar, ko a riƙe wa mai ƙara ta gaba?