Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Filafilai da Katako, a Kuma Ɗaura Masa Igiyoyi

A gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich da ke Landan akwai ƙananan jiragen katako da aka ƙera tun ƙarni na 17 da na 18, lokacin da sojan ruwan Ingila ke tashe, kuma da yawa daga cikinsu suna nan daram har yau. Akasarinsu an yi su ne a ma'aunin 1:48, wato kwatan inci ɗaya a jikin ƙaramin jirgi yana a madadin ƙafa ɗaya a jikin babba. Mai son koyon wannan aiki na sha'awa ya kamata ya san tun farko cewa kowane mataki yana zaune ne a kan wanda ya gabace shi, ta yadda kuskuren milimita ɗaya da aka kau da kai a kansa a makon farko zai yi ta bin mutum har ranar da yake ƙulla igiyar ƙarshe.

Abin da ake fara yankewa shi ne wane jirgi za a yi, kuma a wane ma'auni. Kusan duk sabon shiga idonsa yana kan Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka sa a ruwa a 1765, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, ko kuma jirgin kasuwanci Cutty Sark na 1869, ko Vasa na ƙasar Suwidin da ya nutse a tashar Stockholm a 1628 aka tsamo shi a 1961. Shawarata ita ce a danne wannan kwaɗayi. Victory yana da hawa uku na igwa, kuma igiyoyinsa idan aka miƙe su sun kai kusan mil 26. A ma'aunin 1:72 ƙaraminsa ya zarce mita ɗaya, kuma aikin shekaru ne ko ga gwani. Jirgi mai jigo ɗaya ko biyu, jigo kuwa shi ne dogon itacen da ke tsaye yana ɗauke da filafilai, zai koya wa mutum duk dabarun da babban jirgi ke bukata ba tare da ya karya masa gwiwa ba. Ma'aunin 1:64 ko 1:48 ya fi dacewa da hannun mai koyo, domin kayan ba su yi ƙanƙantar da za su riƙa ɓacewa a tsakanin yatsu ba. Akwai wata 'yar dabara da nake yi kafin na taɓa katako: ina yanka ɗan mutum na kwali daidai ma'auni, wanda a 1:64 tsayinsa bai wuce milimita 27 ba, na ajiye shi a gefe. Duk abin da na sassaƙa, ƙofa ko matakala ko ganga, sai na tsayar da shi kusa da shi, nan take ido zai faɗa mini idan abin ya yi ƙato.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a kafa ƙashin baya na filawud, a jera masa haƙarƙari a gicciye, sannan a lulluɓe su da siraran filankai ɗaya bayan ɗaya. Ana iya sayen kayan a kwali ɗaya tare da zanensu, ko kuma a nemi zane kawai a yanka komai da hannu. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifin reza, ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, rula ta ƙarfe, sikwaya, hantsaki, abin huda mai bakin da bai kai milimita ɗaya ba, maƙalan shanya, da farin gam na katako. Katako mai laushi irin na linden yana da sauƙin lanƙwasawa, don haka idan za a yi lulluɓi ninki biyu shi ake sawa a shimfiɗar farko, wolnot ko ceri kuma a shimfiɗar waje, yayin da bokswud, saboda ƙwayarsa a matse take, ya fi kyau ga ƙananan sassaƙe-sassaƙe.

A ɗora ƙashin bayan a kan gilashi ko wani abu da aka tabbatar shimfiɗaɗɗe ne, a duba ko ya karkace. Idan ya karkace, a jiƙa shi, a danne shi da nauyi har ya bushe, sannan a matse shi tsakanin katakai biyu miƙaƙƙu da aka kafa a kan allon aiki, kuma kada a cire shi daga wannan mazauni sai an gama lulluɓi. Kowane haƙarƙari a gwada shi a gurbinsa ba tare da gam ba tukuna, a tabbatar da sikwaya cewa ya yi kusurwa daidai da ƙashin bayan, kuma samansa ya zo daidai da layin daɓe, wato shimfiɗar saman jirgi da ake takawa.

Daga nan sai aikin da mutane suka fi ƙosawa da shi, alhali shi ne yake yanke hukuncin kyan jirgi, wato goge gefunan haƙarƙarin. An yanko su ne a tsaye cak, amma jikin jirgi yana lanƙwashewa wajen goshi da ƙeya, saboda haka dole a karkata gefen kowannensu har filanki ya kwanta a kan faɗinsa gaba ɗaya maimakon ya tsaya a kan baki ɗaya. A naɗe samfefa a jikin katako mai tsawon da zai hau haƙarƙari uku a lokaci guda, a yi ta gugar a hankali. Jefi-jefi a ɗauki siririn filanki a kwantar da shi daga goshi zuwa ƙeya, a sunkuya a kalle shi ta gefe da haske a bayansa. Inda haske ya ratso tsakaninsa da haƙarƙari, wurin ya yi ƙasa, sai a manna ɗan sili a cike. Inda filankin ya yi tozo, wurin ya yi sama, sai a ƙara guga. Giɓin da ke tsakanin haƙarƙarin farko da goshi a cike shi da guntun balsa, wani katako mai laushi ƙwarai, a sassaƙa shi, domin filankai su sami abin kamawa a inda suka fi lanƙwasa.

Game da lulluɓi kuwa, abin da ya kamata a riƙe shi ne jirgi ya fi faɗi a tsakiya fiye da goshi, amma adadin layukan filanki ɗaya ne a wuraren biyu, don haka kowane filanki sai an tsuke shi wajen bakinsa. A ɗauki siririyar takarda a auna gefen haƙarƙarin tsakiya daga daɓe zuwa ƙashin baya. Idan ya ba da milimita 100, faɗin filanki kuma milimita 5 ne, layuka 20 ke nan. Idan na kusa da goshi ya ba da milimita 70, to a wurin kowane filanki zai zama milimita 3.5. A sa waɗannan alamomi da fensir a jikin kowane haƙarƙari kafin a manna ko ɗaya. Ƙa'idar masu ƙera jiragen gaske ita ce ba a tsuke filanki ya gaza rabin faɗinsa, kuma ba a barinsa ya ƙare da tsini kamar mashi. Idan wuri ya ƙure, sai a haɗe layi biyu su koma ɗaya, idan kuma wuri ya buɗe wajen ƙeya, sai a cusa wani gajere a tsakani.

Lanƙwasa filanki na bukatar ruwa da zafi. A jiƙa shi a ruwan zafi na kimanin minti 15 zuwa 20, a ɗora shi a kan wani abu mai zafi kuma mai zagaye, a riƙa danna shi kaɗan-kaɗan har ya ɗauki siffar da ake so. Za a ji yadda yake saki a ƙarƙashin yatsa, idan kuwa aka ji ɗan ƙas, to an matsa da yawa. A maƙale shi a gurbinsa ya bushe kafin a sa gam, domin jiƙaƙƙen katako yana kumbura, idan ya bushe bayan an manna shi sai ya bar tsaga. A kuma riƙa sa filanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Jirgina na farko na gama ɓangare guda cikin zumuɗi kafin na juya ɗayan, da gam ya bushe sai ya ja ƙashin bayan ya lanƙwashe kamar baka, kuma babu samfefar da ta iya gyara wannan.

Daɓe ba shi da wahala sosai. A shafa bakin fensir mai laushi a gefen kowane filanki kafin a manna shi, wannan baƙin layi shi zai kwaikwayi kwaltar da ake toshe tsagogi da ita, kuma a sassaɓa mahaɗan kada su faɗo a layi ɗaya. Duk wani zobe, ƙugiya ko turken ɗaure igiya a kafa shi yanzu da ɗan fil na tagulla a ciki, domin idan igiyoyi suka rufe wurin, hannu ba zai ƙara shiga ba, kuma gam kaɗai ba ya jure ja. Shi kuwa jigo, ya fi kyau a fitar da shi daga katako mai kusurwa huɗu, a fere shi ya koma takwas, sannan 16, sannan a murje shi da samfefa yana sirancewa zuwa sama. A duba zane da kyau, domin a jirage da yawa jigon yana ɗan kishingiɗa baya.

Igiyoyin jirgi iri biyu ne. Akwai na tsaye, masu riƙe jigo kada ya faɗi, waɗanda ake shafe su da kwalta don kare su daga ruwa, shi ya sa ake yin su da zare baƙi ko mai duhun ƙasa. Akwai kuma na ja, masu ɗaga filafilai da juya sandunan gicciye da filafilan ke rataye a jikinsu, su kuma ana barinsu da launinsu na asali. Kaurinsu ya bambanta ƙwarai, kuma jirgin da aka ɗaure shi da zare iri ɗaya daga ƙasa har sama ana gane shi daga nesa. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: tsofaffin jadawalin Ingila suna ba da girman igiya ne da kewayenta, saboda haka sai an raba da 3.14 kafin a sami kauri. Igiyar inci 9 kaurinta kusan milimita 73 ne, wanda a 1:64 ya zama milimita 1.1 kacal. Kafin a yi amfani da zare a ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu ko uku don gashinsa ya kwanta.

Tsarin ɗauri shi ne daga ƙasa zuwa sama, daga tsakiya zuwa waje, kuma na tsaye kafin na ja. Igiyoyin gefe ana sa su bibbiyu: igiya ɗaya ake ninkawa, a zura ta a wuyan jigo, a nannaɗe ta da siririn zare, a fara da ta dama, sai ta hagu, a yi ta musanyawa haka. Ƙasan kowace yana kama wani ɗan katako zagayayye mai huji uku, wanda ake haɗa shi da takwaransa na jikin jirgi ta hanyar zura siririyar igiya a hujojin shida. Don su jeru a layi ɗaya, a lanƙwasa 'yar waya mai ƙugiya a kowane baki, a riƙa auna tazarar kowane biyu da ita. Kada a ɗaure komai tamau sai an sa na gefe biyu da masu zuwa gaba, sannan a tsaya a goshin jirgin a rufe ido ɗaya a duba ko jigon ya miƙe. Igiya ta miƙe ba tare da ta ja komai ba, iyakar abin da ake nema ke nan, domin zare yana tsukewa da saki gwargwadon danshin iska, kuma wanda aka ja da ƙarfi zai iya tanƙware sanda bayan wata shida.

Tsanin igiya, wanda ma'aikatan jirgi ke takawa su hau sama, shi ne gwajin haƙuri na gaske. A jirgin gaske tazarar matakan tana tsakanin inci 13 zuwa 15, wato kimanin milimita 5 zuwa 6 a ma'aunin 1:64. A ja layuka da wannan tazara a farin kwali, a maƙale shi a bayan igiyoyin gefe, sai a bi layi da zare mafi siranta, ana yin ƙulli mai zagaye biyu a kan kowace igiya da hantsaki. Idan aka bi su a jere daga ƙasa, igiyoyin za su matso juna su yi ƙugu a tsakiya, don haka a fara ƙulla kowane mataki na biyar, sannan a dawo a cike tsakani. Kowane mataki a bar shi da ɗan saki kamar an taɓa taka shi. A ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa a kan ƙullin, sai ya bushe a datse saura. Ni ba na kai sufa-gulu kusa da zare, domin yana sandarar da shi ya koma kamar waya, daga baya ya karye.

Sandunan gicciye a gama musu komai a kan tebur, har da ƙananan kurayen da igiya ke bi ta cikinsu, kafin a ɗora su, sannan a bi igiyoyin ja ɗaya bayan ɗaya, ana kai kowace turken da zane ya nuna. Filafilai kuwa ra'ayi ya rabu a kansu. Ko yadi mafi siranta, idan aka ninka kaurinsa sau 64, ya fi kama da bargo, shi ya sa magina da yawa suke barin jirgi babu su, ko su yi su da siririyar takarda mai ƙarfi su naɗe su a jikin sanda, ni ma can na karkata.

Da zarar an gama, a sa jirgin a akwatin gilashi, nesa da hasken rana da wurin da zafi ke hawa da sauka, domin ƙurar da ta zauna a kan igiya ba ta fita sai da ɓarna. Idan akwai igwa ko anga na dalma a jikinsa, a musanya su da na tagulla, kuma kada a yi gindin akwatin da katakon itacen da ake kira oak, saboda tururin tsami da yake fitarwa a rufaffen wuri yana cin dalma har ta koma farin gari. A bar wa akwatin 'yan ƙananan huji a ƙasa don iska ta riƙa zagayawa.