Yadda Ake Haɗa Amfilifaya da Sabufa a Mota

Kafin a taɓa kowace waya, a fara cire kan batir na nagatif, domin tartsatsi ɗaya kan iya ƙona kwamfutar mota. Sannan a ja wayar wuta mai kauri daga kan fozitif zuwa but, inda za a kafa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), a sa mata fis a tazarar da ba ta wuce santimita 45 daga batir ba. Idan an shiga Panteka neman waya, a feɗe bakinta a duba, saboda akwai mai kaurin roba wadda cikinta alminiyum ne aka shafa wa tagulla, kuma irin wannan tana saurin ɗaukar zafi.

Wayar nagatif ta amfilifaya ta zama gajera, kaurinta daidai da na wayar wuta, a ɗaure ta a jikin mota bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. Wayoyin RCA kuwa, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, su bi ɗaya gefen motar, nesa da wayar wuta, in ba haka ba za a riƙa jin wani siririn kuka duk sanda aka taka totur. Siririyar waya mai shuɗi da fari ta bayan rediyo ita ke kunna amfilifaya.

Daga nan sai kirosoba, wadda ke raba sauti tsakanin lasifikoki: a saita ta wajen hez 80 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), sabufa, wato lasifikar sauti mai kauri, ta ɗauki sautin da ke ƙasa da haka, lasifikokin ƙofa su ɗauki na sama. Sabufa biyu masu om 4 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), idan aka haɗa fozitif da fozitif, nagatif da nagatif, suna komawa om 2, don haka a tabbata amfilifayar za ta jure. Kada a kafa ta inda iska ba ta ratsawa, domin a zafin Maris da Afrilu takan kashe kanta. A ƙarshe a mayar da kan batir, a ƙara sauti a hankali, a rage da zarar ya fara karkarwa.